HAƘƘIN MATAN AFGANISTAN A MA'AUNIN SHARI'A

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci namiji da mace daga rai guda, Ya kuma ɗora wa kowannensu nauyin bauta Masa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ranar 23 ga watan Maris na shekarar 2022, dubban 'yan mata a ƙasar Afganistan suka yi sammako, suka ɗauki littattafansu, suka nufi makarantun sakandare, domin hukuma ta yi alkawarin ran nan za a buɗe musu ƙofa bayan sun yi watanni a zaune a gida. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai umurni ya zo daga shugabannin Taliban cewa kowace yarinya da ta wuce aji shida ta koma gida. Malamai mata suna hawaye, ɗalibai suna hawaye, aka watse. A watan Disamba na wannan shekara aka rufe wa mata ƙofar jami'o'i, a watan Disamba na 2024 kuma aka hana su makarantun koyon jinya da ungozomanci. A shekarar 2025 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan mata miliyan 2.2 ne wannan hani ya raba da karatu.

Abin da ya sa wannan al'amari ya zama abin dubawa ga kowane Musulmi shi ne, da sunan Shari'a aka yi shi. Idan azzalumi ya yi zalunci da sunan kansa, shi kaɗai zai ɗauki abin kunyarsa. Amma idan aka danne haƙƙi aka ce addini ne ya yi umurni, to, an jawo wa addinin zargi a idon duniya, an kuma sa shakka a zukatan 'ya'yan Musulmi. Saboda haka tambayar da ta wajaba ita ce: mene ne Shari'a ta ba mace, musamman a mazhabar da mutanen Afganistan su ke bi?

Galibin mutanen wannan ƙasa Ahlus Sunna ne a kan mazhabar Imamu Abu Hanifa, Nu'umanu ɗan Sabitu, wanda aka haifa a Kufa a shekara ta 80 bayan Hijira, ya rasu a Bagadaza a shekara ta 150. Waɗansu masu tarihi ma sun ruwaito cewa kakansa mutumin Kabul ne. Akwai kuma 'yan Shi'a masu bin mazhabar Ja'afariyya, mafi yawansu daga ƙabilar Hazara. Su kansu 'yan Taliban suna alfahari da cewa Hanafawa ne, kuma da littattafan wannan mazhaba alƙalansu ke yin hukunci. To, wanda ya buɗe waɗannan littattafai zai tarar mazhabar Hanafiyya tana cikin mazhabobin da suka fi yalwata wa mace a sha'anin aurenta da dukiyarta.

A mazhabar Imamu Malik, wadda aka saba da ita a ƙasar Hausa, waliyyi rukuni ne na aure, kuma an ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa bisa sharuɗɗa. A wurin Abu Hanifa kuwa, mace baliga mai hankali, budurwa ce ko bazawara, babu mai ikon tilasta mata aure, ko da ubanta ne. Har ma ya tafi a kan cewa idan ta ɗaura wa kanta aure a gaban shaidu, auren ya inganta, sai dai waliyyi yana da ikon kai ƙara wurin alƙali in mijin ba tsaranta ba ne, ko kuwa sadakin ya gaza na ire-irenta. Hujjarsa ita ce, wadda Shari'a ta amince mata ta sayar da gonarta, ta yi ciniki da dukiyarta ba da izinin kowa ba, ita ta fi cancanta a amince mata a kan rayuwarta. Haka kuma Hanafawa sun halatta mace ta zama alƙaliya a dukkan shari'o'in da a ke karɓar shaidarta, watau ban da haddi da ƙisasi. Ina kuwa za a sami alƙaliya in ba a karantar da yarinya ba?

Asalin wannan duka yana cikin Sunna. Bukhari ya ruwaito labarin Khansa'u 'yar Khizamu, mutuniyar Madina, wadda ubanta ya aurar da ita tana bazawara alhali ba ta so. Ta je ta kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya warware auren. Hadisai ingantattu sun kuma nuna cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta.

Idan aka ɗora al'adun da suka daɗe suna cutar matan Afganistan a kan wannan ma'auni, sai a ga ba su da ƙafar tsayawa. Akwai al'adar da su ke kira ba'ad: idan mutum ya yi kisan kai ko wani babban laifi, sai majalisar dattawa ta yanke a ba da 'yarsa ko ƙanwarsa ga dangin wanda aka cuta, domin a kashe wutar gaba. Yarinyar nan takan shiga gidan da a ke kallonta a matsayin jinin abokin gaba, ta ƙare rayuwarta tana biyan bashin da ba ita ta ci ba. Alƙur'ani kuwa ya maimaita a surori da dama, kamar Suratul An'am aya ta 164 da Suratun Najmi aya ta 38, cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Shari'a ta ajiye ƙisasi, ta ajiye diyya, ta ajiye yafiya. Ba ta taɓa sa 'ya mace cikin abin da a ke biyan jini da shi ba.

Akwai kuma auren musaya, wanda su ke kira badal, inda gidaje biyu za su yi musayar 'ya'ya mata domin kowa ya huta da biyan sadaki. Wannan shi ne shigari, wanda Annabi ya hana a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malikawa sun ce a raba irin wannan aure. Hanafawa sun ce auren ya ƙullu, amma sharaɗin ya ɓaci, kuma dole a biya kowace ɗaya daga cikin matan sadakin ire-irenta a hannunta. Ta kowace fuska dai, ba a yarda a mai da mace sadakin wata mace ba.

Haka nan kuɗin da a ke kira walwar, wanda ango ke biyan uban amarya, sau da yawa ba tare da ko anini ya shiga hannunta ba. Suratun Nisa'i aya ta 4 ta yi umurni a ba mata sadakinsu, su da kansu, kyauta ta daɗin rai, kuma ba ya halatta a ci wani abu daga ciki sai in su suka yafe. Aya ta 19 ta wannan sura ta haramta a gaji mata a kan tilas, watau abin da a ke yi wa matar mamaci idan aka ce lalle sai ta auri wan mijinta ko ƙanensa domin kada ita da 'ya'ya da dukiya su bar gidan. Aya ta 7 da ta 11 da ta 12 kuwa sun yanka wa mata rabonsu na gado, kaɗan ne ko mai yawa: 'ya guda tana da rabi, biyu ko fiye suna da sulusi biyu, in tare da ɗa namiji ne tana da rabin rabonsa, matar aure tana da rubu'i in babu ɗa, da sumuni in akwai. Duk da haka, a ƙauyuka da yawa na Afganistan abin kunya ne mace ta nemi rabonta na gona, sai ta bar wa 'yan'uwanta maza, ko tana so ko ba ta so.

Malaman usulu sun yarda cewa al'ada tana da matsayi a Shari'a, kuma Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a shekara ta 1252 bayan Hijira, ya wallafa risala sukutum a kan haka. Amma sun haɗu a kan sharaɗi guda, shi ne kada al'adar ta yi karo da nassi. Al'adar da ta saɓa wa aya bayyananniya ɓatacciya ce, ko da kaka da kakanni sun shekara dubu suna yin ta.

Sai batun ilmi, wanda shi ne uwa uba. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito ya wajabta neman ilmi a kan kowane Musulmi, kuma malamai sun haɗu a kan cewa mace tana ciki. Bukhari ya ruwaito cewa matan sahabbai sun koka wa Annabi cewa maza sun rinjaye su a majalisinsa, sai ya keɓe musu rana tasu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Shifa'u 'yar Abdullahi ta koya wa Uwar Muminai Hafsa rubutu, da sanin Annabi da yardarsa. Nana A'isha kuwa, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito hadisai fiye da 2,000, kuma manyan sahabbai suna komawa gare ta a mas'alolin gado da na fikihu.

Ba a Madina kaɗai abin ya tsaya ba. Yankin Khurasan da maƙwabtansa, wanda yammaci da arewacin Afganistan ta yau ke cikinsa, ya fitar da malamai mata da duniyar Musulmi ta sha daga gare su. Karimatu al-Marwaziyya, wadda asalinta daga wajen birnin Marwa ne, ta rasu a Makka a shekara ta 463 bayan Hijira, tana cikin amintattun masu ruwayar Sahihul Bukhari, har Khaɗibul Bagdadi ya karanta littafin a gabanta. Faɗimatu 'yar Ala'uddin as-Samarƙandi kuwa ta haddace littafin mahaifinta Tuhfatul Fuƙaha'i. Da almajirinsa al-Kasani ya yi wa littafin sharhi, ya sa masa suna Bada'i'us Sana'i'i, sai malamin ya aura masa ita, aka ce sharhin nan ne ya zama sadakinta. Masu tarihin Hanafiyya sun ambata cewa fatawa takan fito daga gidan ɗauke da sa hannunta da na mahaifinta da na mijinta, kuma takan gyara wa mijin in ya yi kuskure. Wannan littafi na al-Kasani har gobe yana cikin manyan madogaran mazhabar. A birnin Herat kuma, Gauhar Shad, matar Sarki Shah Rukh, ita ta gina masallaci da makaranta a ƙarni na 15 na Miladiyya, waɗanda burbushin hasumiyoyinsu ke tsaye har yanzu.

Mai kare hanin zai ce ai an bar wa 'yan mata firamare da makarantun addini, ilmin da ya wajaba ke nan. Amsa ita ce, ilmi wajibi iri biyu ne. Akwai farilla ta ainihi, wadda ke kan kowane mutum, kamar sanin tsarki da salla da azumi. Akwai kuma farillar kifaya, wadda in babu mai yin ta a cikin al'umma, dukkan al'ummar ta yi laifi. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi a cikin wannan kashi na biyu. To, hukumar da ta ce bai kamata likita namiji ya duba mace ba, sa'an nan ta hana mace koyon likitanci da ungozomanci, wa ta bar wa mai naƙuda? Ƙa'idar malaman usulu sananniya ce, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, kuma Afganistan tana cikin ƙasashen da mata suka fi mutuwa wurin haihuwa a nahiyar Asiya.

An kuma ce hanin na ɗan lokaci ne, har a gyara sha'anin sutura da raba maza da mata. Idan sharaɗi ya samu tangarɗa, sharaɗin a ke gyarawa. Ba a rufe masallaci don tabarmarsa ta yi datti. Wanke tabarmar a ke yi. Ga shi shekaru sun shuɗe, yarinyar da ta ke aji bakwai a 2021 ta isa aure ba ta koma aji ba.

Me ya sa aka nace a kan cewa ta ƙofar Shari'a gyara zai shigo? Tarihin ƙasar ne ya koyar da haka. Sarki Amanullahi Khan, wanda ya hau mulki a 1919, shi da matarsa Sarauniya Surayya sun buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Kabul a 1921, suka kuma yi dokar kyautata sha'anin aure. Wannan alheri ne. Amma da ya dawo daga rangadin Turai a 1928, sai ya haɗa gyaran da tilasta wa mutanen Kabul tufafin Turawa da yaƙi da lulluɓi. Ƙabilu suka yi bore, ya bar gadon sarauta a watan Janairu na 1929, makarantun 'yan mata suka rufu tare da faɗuwarsa. A 1978 gwamnatin 'yan gurguzu ta Nur Muhammad Taraki ta kafa doka ta 7, wadda ta hana auren dole, ta kuma ƙayyade sadaki, amma aka riƙa tura mata ajin yaƙi da jahilci da bakin bindiga, ana ɗaure malamai ana kashe su. Ƙasa ta kama da wuta, sojan Tarayyar Sobiyet suka shigo a Disamban 1979, ba su fita ba sai a Fabrairun 1989. Bayan faɗuwar mulkin Taliban na farko a 2001, miliyoyin 'yan mata sun shiga makaranta, mata sun zama alƙalai da likitoci da wakilan majalisa. A 2009 Shugaba Hamid Karzai ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mata, wadda ta mai da ba'ad da auren dole da hana gado laifuffuka. Amma da aka kai ta gaban majalisa a 2013, waɗansu wakilai suka ce ta saɓa wa Shari'a, aka tsai da muhawara, alhali yawancin abin da ta hana Alƙur'ani ya riga ta hanawa. Yayin da sojan Amurka ke janyewa, Taliban suka shiga Kabul ranar 15 ga Agusta, 2021, sai dokar ta bi iska. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Haƙƙin da mutane ke ganin baƙo ne ya kawo shi, yakan tafi ranar da baƙon ya ɗaure kayansa. Wanda suka sakankance Allah ne Ya hukunta shi kuwa, ba a iya tumɓuke shi sai an yi jayayya da aya.

Akwai alamar da ke nuna hujjar Shari'a tana ratsa ko da zukatan masu tsanani. Ranar 3 ga Disamba, 2021, shugaban Taliban, Hibatullahi Akhundzada, ya fitar da umurni wanda ya ce mace 'ya ce mai daraja, ba kadara ba ce. Ba a aurar da baliga sai da yardarta. Ba a ba da ita don sulhu. Ba a tilasta wa matar mamaci auren danginsa bayan ta gama takaba. Kuma tana da sadakinta da gadonta. Duk waɗannan daga littattafan Hanafiyya aka ɗebo su. Sai dai umurnin bai ce kome ba game da karatu. Macen da ba ta iya karanta takardar aurenta ba, ba ta san sumuni daga rubu'i ba, kuma aka sallami alƙalai mata daga kotuna, ta yaya za ta karɓi abin da aka rubuta mata? An gina mata rumbu, an hana ta tsani.

Malamai ba su yi shiru ba. A Disamban 2022 Shehun Azhar, Ahmad aɗ-Ɗayyib, ya bayyana cewa hana mata jami'a ya saɓa wa Shari'a. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta yi taron gaggawa a Jidda a Janairun 2023, ta nemi a janye hanin, ta kuma aika da tawagar malamai Kabul. A Janairun 2025 Rabiɗatul Alamil Islami ta tara malamai a Islamabad a kan karatun 'ya'ya mata, aka gayyaci hukumar Kabul ba ta halarta ba. A cikin gida ma, Shaihu Rahimullahi Haƙƙani, malamin da 'yan Taliban ke girmamawa, ya ba da fatawar halaccin karatun mata kafin a kashe shi a Kabul a Agustan 2022. A Janairun 2025 Sher Muhammad Abbas Stanikzai, wanda a lokacin shi ne mataimakin ministan harkokin waje, ya tsaya a gaban taron wata makarantar addini a lardin Khost ya ce hanin ba shi da madogara a Shari'a, zalunci ne ga mata miliyan 20. Bai daɗe ba ya bar ƙasar.

Da ɗan gari a kan ci gari. Nauyi na farko yana wuyan malaman Afganistan, su fito da hujja daga littattafan da masu mulki suka yarda da su, su faɗe ta a kan mumbari da cikin darasi, da hikima da haƙuri. Na biyu yana kan alƙalai da limaman da ke ɗaura aure, su ji yardar amarya daga bakinta, su rubuta sadaki da sunanta, su ƙi sa hannu a rabon gadon da aka cire mata. Na uku yana kan iyaye maza da 'yan'uwa, domin babu dokar da ta hana mutum ya miƙa wa ƙanwarsa rabonta na gona, ko ya zaunar da 'yarsa ya koya mata abin da ya sani. Na huɗu yana kan sauran ƙasashen Musulmi, su ci gaba da nasiha ba gajiyawa, su buɗe wa 'yan matan Afganistan ƙofofin jami'o'insu, kada kuma a hukunta talakawa da yunwa saboda laifin shugabanni.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan magana. Fiye da shekara 200 da suka wuce, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru domin kai karatu ga matan ƙauye. Saboda haka wanda ya ji tausayin 'yar Kabul, sai ya waiwaya ya dubi gidansa, ko akwai 'yar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren da ba ta so, ko ƙanwar da har yanzu gonar gadonta ke hannunsa. A hudubar Hajjin Ban Kwana, Manzon Allah ya yi wasiyya da a ji tsoron Allah game da mata, ya kuma tunatar da cewa amana ce aka karɓa daga Allah. Kowace amana kuwa akwai ranar da za a tambayi wanda aka damƙa wa.

Allah Ya yaye wa mutanen Afganistan ƙuncin da su ke ciki, Ya shiryi shugabanninsu zuwa ga adalci, Ya buɗe wa 'ya'yansu mata ƙofofin ilmi mai amfani. Allah Ya nuna wa Musulmi gaskiya Ya ba su ikon bin ta, Ya nuna musu ƙarya Ya ba su ikon guje mata. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.